Hannun hagu ya ƙi ni: yaya kuke gano kod ɗin waƙa da kunne?

Ɗan_Taura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga masu fiyano ce, a yi haƙuri da tsawon rubutu.

Ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Taura, ina da ɗan shagon cajin waya mai sola. Kafin babbar sallah na kai ragona Gujungu na sayar, na cika da ɗan abin da na tara, na sa aka sayo min Yamaha ta hannu mai maɓalli 61 daga Sabon Gari. Wata huɗu kenan. Hannun dama alhamdu lillahi, waƙar da na ji sau uku zan bi muryarta da yatsa biyu. Amma hagu kamar ba a jikina yake ba. In na kunna sitayil, wato kiɗan rakiyar da fiyanon ke yi da kanta, na danna can ƙasa, wani sa'in ya dace, wani sa'in sai ka ce an taka wa kyanwa wutsiya. Na haddace yadda ake kama kod ɗin C da G da Am da F, wato maɓallai uku uku da ake dannawa tare, amma ban san yaushe ake sakin wannan a kama wancan ba.

Babu mai koya min a kusa, sai wani a Ringim, shi ma sai ranar da ya ga dama. Ga shi abokina zai angwance bayan an kai amfanin gona gida, ya rantse ni zan yi masa kiɗa, wata ƙanwarsa ta rera. Yaya kuke yi ku ji waƙa ku san kod ɗinta ba tare da an rubuta muku ba?

Kwamanda_04:
Wahalar me za ka sha? Akwai manhajoji da za ka saka musu waƙa su zubo maka kod ɗin gaba ɗaya. Zamani ya wuce lalube.

Fiyano_Wudil:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ciwonka ba a hagu yake ba, a kunne yake, kuma kowa ta nan ya biyo. Shekara biyar na yi ina zaman situdiyo a Zoo Road kafin na dawo gida noman rani, shekarar farko aikina sayo shayi da naɗe wayoyi. Abin da oga ya fara ɗora ni a kai shi ne neman gida.

Kowace waƙa tana da gida, wato sautin da take komawa ta sauke numfashi. Saka waƙar, bari ta kai ƙarshen amshi, ka tsayar da ita, ka riƙe sautin ƙarshen nan da baki a rufe, mmmm, kada ka sake shi. Sai ka bi maɓallai ɗaya bayan ɗaya. In ka kusa amma ba ka kai ba, za ka ji muryarka da fiyano suna kokawa, sautin yana rawa. In ka dace sai su narke su zama abu guda. Maɓallai 12 ne kacal, fari 7 baƙi 5, sauran duk maimaici ne, saboda haka ko makaho ba zai wuce gwaji 12 ba.

In ka sami gida sai ka tambaye shi: mejo ne ko maino? Ɗora babban yatsa a kansa, ka ƙirga maɓalli 4 zuwa dama har da baƙaƙe, ka ɗora yatsa, ka ƙara ƙirga 3, ka ɗora: mejo kenan. In ka fara da 3 sannan 4, maino ne. Danna kowanne waƙar tana tafiya. Ɗaya zai zauna daram, ɗaya zai yi tsami.

Kada ka ɗaga daga nan sai ka yi wa waƙa 20 haka. Na san za ka ƙosa.

Ɗan_Taura:
@Kwamanda_04 a garinmu sai na hau kan jigawar bayan makaranta kafin saƙo ya fita, ina ga loda waƙa. @Fiyano_Wudil na gode Yaya, daren nan zan gwada in yara sun watse daga shago.

Malam_Solfa:
Ina gaida kowa. Ni ke bugawa a wata majami'a a ƙauyenmu can ƙasar Rano, kusan shekara 14. Abin da ɗan'uwana na Wudil ya faɗa daidai ne, zan ɗora a kai.

Mu ba da C da G muka koya ba, da do re mi fa so la ti muka koya. Amfaninsa shi ne, matan zumunta ba sa tambayar ka ki, wato gidan waƙa, kafin su ɗauko ta. Mama za ta miƙe ta fara daga inda maƙogwaronta ya ba ta, tulu da kacau-kacau su shiga, kai kuma ka nemo su. In haruffa ka haddace ka shiga uku. In lamba ka sani, ko ina aka fara ɗaya ne.

Ga yadda yake. Gida shi ne 1. A waƙar mejo, kod na 1 da na 4 da na 5 mejo ne, na 2 da na 3 da na 6 maino ne, na 7 ka manta da shi tukuna. In gidanka C ne, to 1, 4, 5 su ne C, F, G, shida kuma Am, wato A maino. Ka ga waɗannan huɗun da ka haddace ba baƙin juna ba ne, 'yan ɗaki ɗaya ne. Kuma kowanne da halinsa: 1 zama ne, 4 kamar ka leƙa ƙofar gida, 5 kamar kana tsaye da ƙafa ɗaya, dole ka dawo. Yawancin waƙoƙin da ke littafinmu na waƙoƙi da 1, 4, 5 za ka kai su ƙarshe.

Kwamanda_04:
To ga lissafi ya shigo. Ni da na gudu daga makaranta saboda lissafi.

Injiniya_Gumel:
Tambaya ɗaya ga mai tambaya: da me kake sauraron waƙar? In da sifikar waya ce, to kana neman abin da babu shi. 'Yar sifikar nan ba ta iya fitar da sautin ƙasa, shi kuwa bes, wato kiɗan nan mai kaurin murya, can yake zaune, kuma a mafi yawan waƙoƙin situdiyo bes shi ke taka gindin kod. Sautin A da ake saita fiyano da shi yana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, A ta ƙasa da shi 220, ta ƙasa 110, ta bes 55. Waya ba ta san da zaman 55 ba. Nemi iyafis ko da na kasuwa ne, ko ka jona da babbar sifika irin ta masu sayar da magani. Za ka ji wani abu yana dum, dum a ƙasa, duk sanda ya sauya wuri kod ya sauya.

Sannan a manhajar VLC ana iya rage gudun waƙa ba tare da murya ta sauka ba, kuma ba ya bukatar data.

Jikan_MaiGaraya:
Na karanta wa kakana abin da kuke ta yi, don shi ya yi garayar mafarauta tun yana saurayi a ƙasar Kazaure, yanzu ido ya yi rauni amma kunne kamar na zomo. Ya yi dariya har da tari. Ya ce in tambaye ku, wace waƙa yaron yake son bugawa? In ta Hausa ce ta gado, babu wannan abin da kuke ƙirgawa a cikinta. Ya ce garaya tsirkiya biyu gare ta, ɗaya tana tsaron gida, ɗaya tana yawo, kuma da haka ya tayar da tsumin maza a daji. Kuntigi ma tsirkiya ɗaya ce, ai Ɗan Maraya Jos bai nemi ta biyu ba. Ya ce wanda ya tara sauti uku uku yana sauyawa kowane taku, waƙar ba za ta ƙara kyau ba, kaya kawai ya ɗora mata.

Ni dai saƙo aka ba ni.

Fiyano_Wudil:
A gaida Baba, Allah ya ƙara masa lafiya. Maganarsa dutse ce, amma rabi ya faɗa. Waƙar gado da kalangu ko kotso ba ta da kod, gaskiya ne, duk wanda ya buga ta a fiyano shi ne yake ɗora mata nasa. Amma waƙoƙin da ake yi a situdiyo yau a kan fiyano aka haife su, kod ɗin yana ciki, furodusa ne ya danna shi da hannunsa. Wancan ɗinki za ka yi, wannan kuwa nema za ka yi. Aiki biyu ne, kuma ina ganin rikicewar ƙanenmu daga nan take, yana yi wa duka biyun kuɗin goro.

Sarkin_Baƙaƙe:
Ku bar yaro ya huta da 1, 4, 5. Sirrin waƙar Hausa baƙaƙen maɓallai ne. Su biyar ne, waƙarmu ma sauti biyar take bi. Ka zauna a kan baƙaƙe, dama da hagu, duk abin da ka danna zai yi daɗi, ba ka taɓa kuskure. Ni shekara uku ina cin abinci da haka a bukukuwa daga Babura har Maigatari, ban taɓa taɓa fari ba. Duk kod ɗin da kake so yana cikin baƙaƙe.

Malam_Solfa:
Ɗan'uwa, farkon maganarka na yarda, ƙarshenta ban yarda ba. Gaskiya ne baƙaƙen nan biyar su ne do re mi so la, babu fa babu ti, kuma waƙoƙinmu da yawa a kansu suke tafiya. Amma cikakken kod mai yatsa uku guda biyu kaɗai za ka samu a baƙaƙe zalla: mejo wanda ke farawa daga na farkon jerin uku, da maino wanda ke farawa daga na biyun jerin biyu. Je ka gwada. Sauran duk sai ka taɓa fari. In kana kunna sitayil kana danna yatsa ɗaya a hagu, fiyanon ce take taɓa maka farin a ɓoye ba ka sani ba.

Sarkin_Baƙaƙe:
To ai ita aka saya don ta yi aikin.

'Yar_Haɗejia:
Salamu alaikum. Ni ba na fiyano, rerawa nake yi, ni ke koya wa 'yan mata waƙoƙin saukar karatu a Islamiyyarmu. Akwai abin da ban ga kowa ya taɓo ba, kuma shi ke sa mu faɗa da masu kiɗa.

Hausa tana da hawa da sauka a cikin kalma. Ba za ka rera "fari" na launi yadda za ka rera "fari" na rashin ruwa ba, in ka yi mutane za su yi dariya. Saboda haka muryar baiti na ɗaya ba ta zama daidai da ta baiti na biyu, kalmomi ne ke jan ta. Mai fiyano sai ya zauna ya haddace baitin farko, ya tsara hagunsa a kai, da an shiga na biyu sai ya ga mai waƙa ta bi wata hanya, ya ce ta yi kuskure. Ba ta yi ba. Abin da ba ya motsi shi ne amshi. In ni ce kai, a amshi zan nemi kod ɗina, a baiti kuwa in zauna a gida in bar yarinya ta yi yawonta, in dai ta dawo.

Fiyano_Wudil:
Malama, Allah ya saka da alheri. Da na ji wannan shekara goma baya da ban yi rigima da mawaƙa da yawa ba.

Ɗan_Taura:
Na dawo da rahoto. Jiya har ƙarfe ɗaya ina kai, na aro iyafis ɗin wani da ya kawo caji. Wallahi Injiniya gaskiyarka, ashe akwai wani mutum guda a ƙasan waƙa da ban taɓa jin sa ba. Waƙa bakwai na gwada, na sami gidan biyar. Huɗu daga ciki maino ne. Wadda ƙanwar abokina za ta rera, gidanta baƙin nan ne na biyu a jerin biyu, kuma maino ya zauna.

Amma abu biyu sun ɗaure min kai. Na farko, Malam_Solfa ya ce 1, 4, 5 mejo ne, to ni da gidana maino ne fa? Na biyu, akwai wata tsohuwar waƙa da aka ɗebo daga kaset, marigayi babana yana son ta. Na bi maɓallai 12 sau uku, babu wanda ya narke. Wannan ya yi sama kaɗan, na kusa da shi ya yi ƙasa kaɗan, kamar gidan yana cikin tsagar da ke tsakaninsu.

Injiniya_Gumel:
Na biyun nawa ne. Kunnenka lafiya lau, har ma na yaba maka da ka ji. Kaset da gudun mota yake tafiya: in rediyon da aka ɗebo da shi batirinsa ya yi sanyi ko bel ya saki, waƙa duka sai ta sauka, in ya yi sauri ta hau. Bambancin kusan kashi 6 cikin 100 na gudu shi ne maɓalli ɗaya cif, to in kashi 3 ne ka ga ta faɗa tsakani. Bayan haka mai goge ko gurmi ba da 440 ya ɗaure tsirkiyarsa ba, da muryarsa ya ɗaure. Duba cikin fankshan na fiyanonka, akwai wurin saitin sauti, a ƙananan Yamaha yana tafiya daga 427 zuwa 453. Matsa shi har gidan ya narke. In ka gama ka mayar 440, kada ka manta.

Jikan_MaiGaraya:
Kaka ya ce a ƙara da yanayi. Da hunturu fata tana bushewa ta ɗaure, sauti ya hau. Da damina ta saki, sai an kanga ta a wuta. Ya ce garayarsa ta safe ba ita ce ta dare ba, kuma bai taɓa jin wani maharbi ya yi ƙorafi ba.

Malam_Solfa:
Na farkon kuma nawa ne. In gida maino ne, mu sai mu ce waƙar tana zaune a kan la, wato 6. Am da C maɓallansu ɗaya ne, fararen nan bakwai, wurin kwana ne ya bambanta. To 'yan ɗakin ba su canza ba: Am, G, F, C, Dm, Em. Mafi yawan abin da za ka ji shi ne daga Am a sauko G a koma, ko a sauko G a sauko F a hau G a koma gida, kamar matakala.

Ga dabarar da za ta rage maka lalube. Tunda damanka yana bin murya, duba wane sauti murya ta daɗe a kai ko ta dira a kai daidai bugun ganga. Kowane sauti kod biyu ko uku kaɗai ke ɗauke da shi a cikin 'yan ɗakin. Misali E yana cikin C, yana cikin Am, yana cikin Em. Gwaji uku kenan maimakon shida. Sai bes ya raba gardama.

Kwamanda_04:
Maino ai na baƙin ciki ne, haka na ji ana faɗa. Ka je ka buga wa ango waƙar makoki.

'Yar_Haɗejia:
Wa ya gaya maka? Je gidan biki ka tsaya bakin zaure ka saurara. Rabin abin da mata ke cashewa da shi irin wannan muryar ce, kuma babu mai hawaye sai amarya, ita ma ba don kiɗan ba.

Abu_Safwan:
Ni dai nasiha ce. Wannan lokacin da kuke ɓatawa a kan kayan kiɗa, da a kan tajwidi aka ɓata shi da ya fi. Kowa ya san maganar malamai.

Mai_Unguwa (admin):
Malam Abu_Safwan, mun ji, Allah ya ba da lada. Amma an yi wannan muhawarar a gidan nan har sau biyu, kowa ya kawo malaminsa, aka tashi ba a daddale ba. Mai son ta akwai zaurenta. Nan tambaya aka yi a kan sana'a, a bar ta a haka.

Malamin_Firamare_BK:
Ku yafe ni zan ɗan kauce. Maganar kakan nan ta tuna min da duwatsun garinmu Birnin Kudu, wajen da zanen mutanen da yake. Akwai duwatsun da in ka ƙwanƙwasa da ƙaramin dutse suna amo kamar ƙarfe, kowane gurbi da muryarsa, har guraben sun lotsa saboda bugu. Muna yara mukan je mu yi ta neman wanda ya dace da waƙar da muke yi. Babu wanda ya ce mana do ko la, amma in ka bugi wanda bai dace ba sauran yara za su yi maka ihu. Ina nufin kunnen nan kowa yana da shi, suna ne kawai ba mu da shi.

Sarkin_Baƙaƙe:
@Ɗan_Taura tunda gidanka ya faɗo a baƙi, ka ga maganata ta fito. Amma in ka nace sai Am ɗinka da ka haddace, sa tiransifos, wato saitin da ke ɗaga ko sauke sautin fiyanon gaba ɗaya, a kan 6, sama ko ƙasa duk ɗaya, sai ka buga fararenka sauti ya fito a gidan yarinyar. Kowace waƙa haka za ka yi mata, ki ɗaya ya ishe ka rayuwa.

Fiyano_Wudil:
Lissafinsa daidai ne, 6 ne. Amma bari in ba ku labarin tiransifos.

Wani biki a wani ƙauye bayan Gaya, an cika fili, mawaƙin yana tsakiyar kirarin uwar ango, ana ta liƙi. Ni na sa tiransifos a kan 3 ina buga Am hankali kwance. Janareta ya yi tari ya mutu. Mawaƙi gwani ne, bai tsaya ba, ya ci gaba da baki, mata suna tafi. Aka ja janareta ya tashi, fiyano ta kunnu, na faɗa da ƙarfina. Ashe da wuta ta ɗauke ta koma sifili. Shi yana sama da ni da maɓalli uku, ni ina ƙasa ina ta danna kod da sifika huɗu. Wata tsohuwa da ke gaba ta toshe kunne da mayafi. Ya juyo ya dube ni, kallon da har yau in na tuna sai na ji zufa. Kuɗin liƙin ranar ko ƙwandala bai ba ni ba, ban kuma tambaya ba.

Ban ce kada ka yi amfani da shi ba, biki ya matso, ba a fafe gora ranar tafiya. Amma ka sa batir shida a cikinta ko da kana kan wuta, kuma duk sanda ta kunnu ka taɓa gida a hankali kafin ka saki hagu. Bayan biki ka koyi ki uku ko huɗu da hannunka.

Injiniya_Gumel:
Kuma kada ka jona adaftarta kai tsaye da ƙaramin janareta mara sitabilaiza. Uku aka kawo min bana, duk a ƙone.

Ɗan_Taura:
Yaya ka sa na yi dariya ni kaɗai a shago har mai shayi ya leƙo. Na sa 6 ɗin, yanzu ina buga ta a Am. Amshin layi huɗu ne. Na farko Am, ya zauna. Na biyu ya sauko G, na ji shi sarai. Na huɗu ya koma gida. Na ukun ne ya hana ni barci: murya tana tsayawa a kan D ta daɗe. Yarinyar da baki ta rera min a waya, waƙar kakarsu ce, babu bes balle ya raba gardama. Na gwada G ya yi, na gwada Dm shi ma ya yi. Wanne ne daidai?

Malam_Solfa:
Dm. Re fa la. Ka riga ka ba da G a layi na biyu, in ka maimaita shi a na uku amshin zai tsaya wuri ɗaya. Dm zai buɗe shi, sannan komawa Am ta yi daɗi.

Fiyano_Wudil:
Malam, a nan mun rabu. Dm yana ɗauke da F, kuma na tabbata in ya bi muryar waƙar daga farko har ƙarshe ba zai sami F a ciki ba. Da ka saka shi sai ta fara ƙanshin fim ɗin Indiya, ko ta koma irin taku ta ranar Lahadi, ba zagi ba. Ni G zan riƙe layi biyu, in canza bugun hagu kawai.

Malam_Solfa:
Ban ji zagi ba. Amma G ɗinka ma yana ɗauke da B, ita ma babu ta a muryar. In F baƙuwa ce, B ma ba 'yar gida ba ce.

Fiyano_Wudil:
Ka kama ni.

Jikan_MaiGaraya:
Na sake karanta wa kaka. Na yi masa bayanin yatsa uku da hannuna a kan tabarma. Ya ce to wa ya tilasta muku na tsakiyar? Ku cire shi mana. Na gwada a fiyanon waya: D da A kaɗai, ko G da D kaɗai, babu F babu B. Ya saurara ya ce na farkon ya fi kama da abin da ya sani, amma shi da zai buga ko motsawa ba zai yi daga gida ba, zai bar D ɗin ta rataya har ta gaji ta faɗo da kanta.

'Yar_Haɗejia:
Duk kun manta da mai waƙar. Ka kira ta ta zo da yayanta, ka buga mata ukun ba tare da ka faɗi sunansu ba. Wanda ta ci gaba da rerawa a kai ba ta ɗaga kai ta dube ka ba, shi ne. Kuma ka tambaye ta ko a wannan muryar za ta iya kaiwa ƙarshe, don abin da aka rera a waya cikin ɗaki daban yake da na fili, tsoro yana sa murya ta hau.

Sarkin_Baƙaƙe:
In ta hau ka ƙara tiransifos zuwa 7. Kun ga dai kun dawo wurina.

Kwamanda_04:
Na saka irin waƙar nan a manhajar da nake faɗa, ta ba ni kod 11 a amshi ɗaya, har da wasu masu lambobi a gefe. Wani ya duba min ko daidai ne.

Injiniya_Gumel:
Kukan akuya da ke bayan mai waƙar ma ta ba shi kod.

Ɗan_Taura:
Sun zo ɗazu bayan la'asar, ita da abokina da ƙannenta biyu. Na yi yadda Malama ta ce. A Dm ta ɗaga kai. A G ba ta ɗaga ba amma ta ɗan rage murya. A na kaka, D da A, ta wuce abinta har ta shiga baiti na gaba. Sai dai abokina, wanda shi ne angon, ya ce Dm ɗin ya fi masa daɗi, wai ya fi kama da na situdiyo, kuma bikinsa ne. Sun tafi suna musu a hanya.

Wata matsalar kuma, in na cire yatsan tsakiya sitayil ɗin ba ya ba ni abin da na danna, sai ya cika min nasa. Akwai yadda ake hana shi, ko sai dai in kashe shi in bar ganga kaɗai?

Fiyano_Wudil:
Kashe rakiyar, bar ganga, ka raba maɓallan kashi biyu ka sa muryar bes a hagu. Wace lamba ce a rubuce a saman fiyanon taka? Turo in gaya maka inda maɓallin yake. Kuma ka ɗauki amshin nan a waya yadda ta rera, ka hau jigawar taku ka turo mana, ina son in ji layi na ukun nan da kunnena kafin in sallama wa Malam.

Malam_Solfa:
Ni ma a turo min. Har yanzu ina kan Dm.